Daga Darak zuwa Bakassi: abin da ya hana Najeriya da Kamaru gwabza yaƙi

A shekarar 2002 an yanke hukunci biyu a birnin Hague na ƙasar Holan, duka a kan rigimar iyaka tsakanin maƙwabta a Afirka, wata 6 kacal a tsakaninsu. Na farko ya fito ranar 13 ga Afrilu, daga hukumar da aka kafa don shata iyakar Habasha da Iritiriya bayan yaƙin da suka yi daga 1998 zuwa 2000, wanda ya ci dubun-dubatar rayuka. Hukuncin ya bar garin Badme, inda wutar ta fara tashi, a ɓangaren Iritiriya. Habasha ta yi kememe ta ƙi janye sojojinta. Aka rufe iyaka, aka katse waya, jirage suka daina sauka, 'yan uwa na jini suka yi shekara da shekaru ba su sa juna a ido ba. Sai a 2018, bayan hawan Firaminista Abiy Ahmed, Habasha ta ce ta karɓi hukuncin gaba ɗaya.

Na biyu ya fito ranar 10 ga Oktoba daga Kotun Duniya, ya ba Kamaru yankin Bakassi da wasu ƙauyukan Tafkin Cadi da Najeriya ke mulka. Ita ma Najeriya ta harzuƙa. Kafin watan ya ƙare gwamnati ta fitar da sanarwa mai zafi tana cewa ba za ta yi watsi da mutanenta ba, ta kuma yi ƙorafi a kan cewa shugaban kotun Bafaranshe ne, ga alƙalai daga Ingila da Jamus, wato ƙasashen da suka rubuta takardun da ake jayayya a kansu. Duk da haka, ranar 14 ga Agusta 2008 aka zauna a Kalaba aka kammala miƙa Bakassi, ba tare da rundunonin ƙasashen biyu sun fuskanci juna a fagen daga ba.

Ƙasashen da aka kayar a shari'un biyu sun ji ciwo iri ɗaya, kuma kowacce tana da ƙarfin da za ta zauna daram ta ce a zo a tashe ta. Abin da ya raba labarin nasu shi ne aikin da aka yi bayan alƙalai sun naɗe takardunsu. A cikin wannan aikin ake gane yadda ake kashe wutar rikici tsakanin ƙasashe, a cikinsa kuma ake gane wanda akan manta da shi idan manya sun shirya.

Na taso a garin da rigimar iyakar gona ba baƙuwa ba ce. Na ga 'yan uwa biyu sun kai juna gaban alƙali a kan 'yan kunyoyi, aka saurari shaidu, aka ba ɗaya gaskiya. Da ruwa ya sauka, wanda aka kayar ya ɗauki garmarsa ya yi huɗa a inda ya saba. Sai da mai unguwa da liman da wasu dattawa suka tako har gonar, suka ce a bar shi ya girbe abin da ya riga ya shuka, sannan bayan kaka aka dasa gamba a kan sabuwar iyakar kowa yana kallo, maganar ta mutu. Alƙali ya faɗi mai gaskiya, amma dattawan ne suka san yadda za a karɓi wurin ba tare da an tozarta magidanci a gaban 'ya'yansa ba. Kusan haka aka yi a Bakassi, sai dai ita wannan gonar da mutane a cikinta.

Tushen rigimar takardun Turawa ne. Ranar 10 ga Satumba 1884 Ingila ta ƙulla yarjejeniyar ba da kariya da sarakunan Tsohuwar Kalaba, waɗanda Najeriya ta ce ikonsu ya kai har Bakassi. Ranar 11 ga Maris 1913 kuma Ingila da Jamus suka zauna a Landan suka ja layi daga Yola zuwa teku. Layin ya bi kogin Akwayafe, Bakassi ta faɗa ɓangaren Jamus, ba a tambayi masunci ko ɗaya ba. Da Jamus ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila da Faransa suka raba Kamaru, suka shata iyakar rabonsu da wasu takardu na 1919 da 1931. Ingila ta haɗa nata rabon da Najeriya tana mulkinsu tare, saboda haka sama da shekara 40 ba wanda ya ga wata iyaka a Bakassi. Mutanen Efik da Ibibio da Oron suna shiga da kwale-kwalensu suna fita kamar yadda kakanninsu suka yi.

Iyakar ta farfaɗo ne ranar 11 ga Fabrairu 1961, lokacin ƙuri'ar raba gardama da Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya. Kudancin yankin da Ingila ke riƙo, wanda Bakassi ke cikinsa, ya zaɓi Kamaru. Arewacinsa ya zaɓi Najeriya da kimanin kashi 60 cikin 100, bayan Sardauna Ahmadu Bello ya yi ta fafutikar jawo hankalinsu. Ta wannan ƙuri'ar ce Mubi da Madagali da Gwoza da Bama da Dikwa da Ganye da tsaunukan Mambila suka zama Najeriya, aka kuma kira babban ɓangaren yankin Lardin Sardauna. Abin ya ƙona wa Shugaban Kamaru Ahmadu Ahijo rai har ya ayyana ranar makoki, Kamaru ta kai Ingila ƙara Kotun Duniya, kotu ta ƙi shiga gundarin maganar a 1963, Kamaru ta haɗiye. Duk wanda ke cewa a yaga takardun Turawa saboda Bakassi, ya kamata ya tuna cewa ita ma Mubi ta kan wannan hanyar ta shigo.

Akwai maganar da ta daɗe a bakin mutane, wai Janar Yakubu Gowon ne ya yi wa Ahijo kyautar Bakassi don ya saka masa da goyon bayan da ya bayar lokacin yaƙin basasa. Gowon ya sha musanta haka. Abin da shugabannin biyu suka sa wa hannu a garin Marwa na Kamaru ranar 1 ga Yuni 1975 takarda ce ta shata iyakar ruwa, kodayake yadda aka ja layin ya nuna an ɗauka Bakassi ta Kamaru ce. Ba a cika wata 2 ba aka hamɓarar da Gowon, gwamnatocin da suka biyo baya suka ce Majalisar Ƙoli ta Soja ba ta amince da takardar ba. Daga nan sai zaman ɗar-ɗar. A Mayun 1981 aka kashe sojojin Najeriya 5 a yankin, jama'a suka yi ta kiran a ɗau fansa, Shugaba Shehu Shagari ya danne zuciya har Kamaru ta ba da haƙuri ta biya diyya. A ƙarshen 1993, zamanin Janar Sani Abacha, sojojin Najeriya suka shiga Bakassi suka zauna. Kamaru ta san ba za ta iya da Najeriya da bindiga ba. Ranar 3 ga Maris 1994 ta miƙa takardar amincewa da hurumin Kotun Duniya, ranar 29 ga watan ta shigar da ƙara. Najeriya ta riga ta amince da wannan hurumin tun 1965, don haka duk ƙoƙarin da lauyoyinta suka yi na zamewa ya ci tura a 1998.

A nan ne labarin ya shafe mu 'yan Arewa kai tsaye, domin a watan Yunin 1994 Kamaru ta faɗaɗa ƙarar ta haɗa da Tafkin Cadi da dukkan iyakar, mai tsawon kimanin kilomita 2,000. A shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ya sa ruwan ya ja baya sosai, masunta kuwa ruwa suke bi. Hausawa da Barebari da Shuwa da sauransu suka riƙa matsawa gabas, inda ruwa ya tsaya su kafa tunga, inda ya janye su shuka masara da wake a danshin da ya bari. Tunga ta zama ƙauye, ƙauye ya samu bulama da masallacin Juma'a da kasuwa, ana ɗora kwalayen banda a mota zuwa Maiduguri, daga can har Kudu. Ba wanda ya ga ranar da ya tsallaka iyaka, domin iyakar layi ne miƙaƙƙe da aka ja a takarda, daga wani ɗigo a tsakiyar ruwa zuwa bakin kogin Ebeji, kogin nan da ya raba Gamboru da Fotokol.

Ƙauyuka 33 Najeriya ta lissafa a gaban kotu, mafi girmansu Darak. A karanta sunayen wasunsu a ji: Garin Wanzam, Doron Liman, Doron Malam, Sabon Tumbu, Ramin Dorina, Fagge, Naira. Sunayen kaɗai sun faɗi waɗanda suka sare wurin. Lauyoyin Najeriya suka kawo shaidar cewa ƙaramar hukumar Ngala ta jihar Borno ce ke karɓar haraji a can, ita ta kai makaranta da ɗakin shan magani da 'yan sanda. Irin wannan hujjar suka kawo a kan Bakassi, suka ƙara da wata mai nauyi: Ingila alƙawarin kariya ta yi wa sarakunan Kalaba, ba sayen ƙasarsu ta yi ba, to ta yaya za ta bai wa Jamus abin da ba nata ba?

Kotu ta ce inda akwai takardar mallaka sahihiya, daɗewar zama da karɓar haraji ba sa ture ta. Ta ce yarjejeniyar 1884, a yadda Turawan wancan zamani suka ɗauke ta, hanya ce ta mallakar ƙasa, don haka Ingila tana da ikon ja layin 1913. Ta ce sa hannun shugaban ƙasa a Marwa ya ɗaure ƙasarsa. Ta lura kuma cewa bayan samun 'yanci Najeriya ta daɗe ba ta ɗaga murya a kan Bakassi ba. Hukuncin ya wuce da gagarumin rinjaye. Cikin waɗanda suka ƙi akwai Abdul Koroma na Saliyo da Bola Ajibola, alƙalin da Najeriya ta zaɓa don wannan shari'ar.

A raina, hujjar Koroma da Ajibola a kan 1884 tana da ƙarfi. Akwai ɗaci a ce kalmar kariya da aka rubuta wa sarakunan Afirka tana nufin abu ɗaya a takarda, tana nufin wani a aikace, sannan kotu ta bi ma'anar wanda ya yi yaudarar. Amma shugabannin Afirka da kansu suka zauna a Alƙahira a 1964 suka amince za a mutunta iyakokin da aka gada ranar samun 'yanci, ba don suna da kyau ba, sai don sun hango abin da zai biyo baya idan kowa ya tono tarihin masarautarsa. Da an buɗe wannan ƙofar, Adamawa ta Modibbo Adama ta ratsa har Garwa da Ngaundere, Borno ta ratsa Cadi da Nijar da Kamaru, Katsina da Maraɗi kuwa tsatso ɗaya ne. Ba a san inda za a tsaya ba.

Ba komai Najeriya ta rasa ba, kodayake ba a cika faɗin wannan ba. A teku, kotu ta ƙi layin da Kamaru ta nema, wanda da ya ci wuraren da Najeriya ke haƙar mai. Ta ƙi umartar Najeriya ta biya diyya. A kan tudu ma, a wurare da dama da ake saɓani kan fassarar tsofaffin takardun, ta bi fassarar Najeriya, ta umarci ita ma Kamaru ta janye daga inda ta shiga. Wannan ya yi amfani daga baya, domin ya ba kowane shugaba abin da zai nuna wa mutanensa.

Kotun Duniya ba ta da ɗan sanda ko ɗan doka. Idan ƙasa ta ƙi bin hukunci, abin da ya rage wa mai gaskiya shi ne ya kai kuka Kwamitin Sulhu, inda siyasar manyan ƙasashe ke yanke abin da za a yi. Kofi Annan, Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, ya san haka, kuma ya san ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar 5 ga Satumba 2002, saura mako 5 a yanke hukunci, ya haɗa Shugaba Olusegun Obasanjo da takwaransa na Kamaru Paul Biya a Paris, aka fito da sanarwar cewa za su mutunta duk abin da kotu ta ce. Alƙawari ya fi sauƙin ɗauka lokacin da kowa ke sa ran shi zai ci. Bayan hukuncin, da hayaniya ta tashi a Najeriya, ya sake haɗa su a Geneva ranar 15 ga Nuwamba. Bai tsaya jayayya a kan ko Najeriya ta karɓa ko ba ta karɓa ba. Abin da ya nema shi ne a kafa kwamitin haɗin gwiwa da zai duba yadda za a bi da lamarin, ƙarƙashin wakilinsa a Afirka ta Yamma, Ahmedou Ould-Abdallah ɗan Muritaniya.

Wanda Obasanjo ya naɗa ya jagoranci tawagar Najeriya shi ne Bola Ajibola, mutumin da ya rubuta cewa kotu ta yi kuskure. Wannan zaɓin akwai basira a cikinsa: ba mai iya cewa Ajibola bai san zafin abin ba ko ya sayar da ƙasa. Ɓangaren Kamaru kuma Amadou Ali ne, ɗan yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, wanda ya san yankin tafkin. Kwamitin ya riƙa zama yau a Yawunde gobe a Abuja, mutanen nan suka saba da juna, suka san wanda za a kira idan wani jandarma ko soja ya yi abin da zai iya tayar da ƙura.

Sai suka faro daga inda ya fi sauƙi. Ba su taɓa Bakassi ba, inda ake zancen mai da 'yan jarida da 'yan siyasa. Arewa suka nufa. A Disambar 2003 Najeriya ta janye ma'aikatanta da jami'an tsaronta daga Darak da sauran ƙauyukan, aka sauke tuta aka ɗaga wata, ita ma Kamaru ta miƙa wa Najeriya abin da ya faɗo ɓangarenta. A Yulin 2004 aka yi musayar wasu ƙauyuka a kan tudu. Masu sa ido suka zauna suna duba yadda ake tafiyar da jama'a. Da aka ga an yi wannan sama ba ta faɗo ba, sai kowane ɓangare ya fara yarda cewa ɗayan zai iya cika magana. Ya kamata a faɗa a fili cewa mutanen tafkin ne aka fara gwada wannan sulhun a kansu, kuma sun karɓe shi ba tare da sun ɗaga wa kowa hankali ba, ko da yake ba su da masu yi musu magana a jaridun Legas.

An sa 15 ga Satumba 2004 a matsayin ranar janyewa daga Bakassi. Ranar ta zo ta wuce, sojojin Najeriya suna nan. A irin wannan gaɓar ce sulhu kan rushe. Biya yana da hukunci a hannu, yana iya tayar da jijiyar wuya ya nemi a tilasta wa Najeriya, amma ya zaɓi jira. Shi kuma Obasanjo yana da dalilansa na ƙin barin maganar ta ruɓe. Soja ne da ya ga yaƙin basasa da idonsa, shi ya karɓi miƙa wuyan Biyafara a Janairun 1970. Yana fafutikar wanke sunan Najeriya bayan zamanin da aka mai da ita saniyar ware, yana neman a yafe mata bashi, abin da ya samu a 2005 lokacin da ƙasashen da ke bin ta suka yafe dala biliyan 18, yana kuma hangen kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu. Ƙasar da ta take hukuncin Kotun Duniya ba ta da bakin neman waɗannan. Ga kuma Faransa da ke da yarjejeniyar tsaro da Kamaru. Ba aibi ba ne a ce maslaha ce ta tura shugabannin. Mai shiga tsakani na ƙwarai aikinsa ke nan, ya nemo inda maslahar kowa ta haɗu da zaman lafiya ya ɗaure su a wurin.

Ranar 12 ga Yuni 2006, a wani gida da ake kira Greentree kusa da birnin New York, shugabannin biyu suka sa hannu, Annan yana zaune, wakilan Amurka da Ingila da Faransa da Jamus suna shaida. Takardar gajeriya ce, kuma kusan dukkanta a kan lokaci take. Sojojin Najeriya za su fita cikin kwana 60. A wani ɓangare na yankin, ma'aikatan mulki da 'yan sandan Najeriya za su ci gaba da zama har shekara 2. Bayan nan a yi shekara 5 ana wani tsari na musamman, wanda a cikinsa Kamaru ba za ta ɗora dokokinta na kwastan da shige da fice a kan 'yan Najeriya mazauna wurin da ke kai da komo ba. Kamaru ta kuma ɗauki alƙawarin ba za ta kori kowa ko ta tilasta masa sauya ƙasa ba, za ta mutunta harshensu da al'adunsu da addininsu, za ta bar su su yi su da noma, ba za ta ƙaƙaba musu harajin wariya ba. Wannan shi ne a bar mutum ya girbe abin da ya shuka kafin a dasa gamba. Ranar 14 ga Agusta 2006 aka sauke tutar Najeriya a garin Archibong, sojoji suka hau jiragen ruwa suka fita.

Sauran aikin a kan Umaru Musa 'Yar'aduwa ya faɗa, kuma bai same shi da sauƙi ba. A Nuwambar 2007 wasu 'yan bindiga suka kashe sojojin Kamaru 21 a yankin. A cikin watan ne Majalisar Dattawa ta ce miƙa Bakassi ya saɓa wa kundin tsarin mulki, tunda ba a kawo mata yarjejeniyar ta amince ba. Ƙorafin yana da tushe, domin sashe na 12 na kundin 1999 ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka sai majalisa ta mai da ita doka, kuma Obasanjo ya yi gaban kansa a wurin da ya kamata ya jawo wakilan jama'a a jiki. Ana saura mako 2 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ce a dakata. 'Yar'aduwa ya tsaya a kan cewa alƙawarin da ƙasa ta ɗauka a gaban duniya ba ya mutuwa don an sauya shugaba. A Oktoban 2012, da wa'adin shekara 10 na neman a sake duba hukuncin ya zo ƙarewa, aka sake matsa wa Goodluck Jonathan, gwamnatinsa ta ce babu sabuwar hujjar da za ta kai. Shugabanni uku a jere, kowanne da damar da zai samu tafi idan ya fasa, ba wanda ya fasa. A Agustan 2013 wa'adin tsarin musamman ya cika.

A can Habasha da Iritiriya kuwa ba a samu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Jinin da aka zubar ya yi yawa, har ya zama duk shugaban da ya saki Badme sai iyayen mamata sun tambaye shi don me 'ya'yansu suka mutu. Habasha ta ce a zauna a tattauna kafin a aiwatar, Iritiriya ta ce ba abin tattaunawa sai an aiwatar, ba a samu wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi da zai haɗa maganganun nan biyu a zaure ɗaya ba. Dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke tsakaninsu suka tattara nasu ya nasu a ƙarshen Yulin 2008, mako 2 kafin bikin Kalaba. Bakassi ta ci albarkacin zuwa kotu tun kafin kaburbura su yi yawa, kamar yadda Nijar da Benin suka yi a kan tsibirin Lete, wanda kotu ta ba Nijar a 2005.

Amfanin abin ya fito a inda ba a zata ba. Da Boko Haram ta addabi yankin, iyakar da aka yi shari'a a kanta ita ce ta zama fagen fama. Sojojin ƙasashen biyu suka shiga rundunar haɗin gwiwa mai hedkwata a Injamena, dubun-dubatar mutanen Borno suka samu mafaka a sansanin Minawawo na Kamaru, daga baya kuma masu gudun rikicin yankin masu magana da Ingilishi na Kamaru suka kwararo Kuros Riba da Binuwai da Taraba. Dangantakar ba ta rasa tangarɗa ba, an sha zargin Kamaru da mayar da 'yan gudun hijira da ƙarfi. Amma a yi tunanin yadda shekarun nan za su kasance da a ce sojojin Najeriya da na Kamaru suna nuna wa juna bindiga daga Darak har teku.

Shata iyakar a ƙasa ya ɗauki sama da shekara 20. Tsofaffin takardun suna cewa a bi rafi kaza, a hau dutse kaza, a bar ƙauye kaza a dama. Masu safiyo suka tarar rafin ya sauya hanya ko ya rabu biyu, duwatsu biyu suna amsa suna ɗaya, ƙauyen ya tashi ya koma wani wuri da sunansa. Sai a duba hoton tauraron ɗan Adam, a hau dutsen da ƙafa, a tara dattawan ɓangarorin biyu, a yarda a kan taku ɗaya, sannan a haƙa rami a zuba kankare a kafa turke. Irin waɗannan turaku sama da 2,000 ake magana. Wani turken yakan faɗa tsakiyar gonar mutum, gidansa a ƙasa ɗaya rijiyarsa a wata. A ƙarshen Janairun 2017 'yan bindiga suka kashe mutum 5 daga cikin masu wannan aikin kusa da garin Konca na Kamaru. Ba a cika jin sunan irin waɗannan ma'aikatan ba idan ana rabon yabo.

Inda abin ke ci mini rai shi ne mutanen Bakassi su kansu. Ba a tambaye su ba, ko a 1913, ko a Hague, ko a Greentree. Zaɓi aka ajiye musu: su zauna a matsayin baƙi a garin da aka binne iyayensu, su zama 'yan Kamaru, ko su tashi. Sunayen garuruwansu ma sun sauya: Abana ta koma Jabane, Atabong ta koma Idabato. Waɗanda suka zauna sun daɗe suna kukan tsangwamar jandarmomi da kuɗin takardar zama da harajin kwale-kwale. Waɗanda suka tashi kuwa, nauyinsu a wuyan Najeriya yake, ba Kamaru ba, ba kuma kotu ba. An yanko wani yanki daga ƙaramar hukumar Akpabuyo, wajen Ikang, aka ce ita ce sabuwar Bakassi, wurin da yake da masu shi tun asali. Masuncin da ya saba fita teku da asuba ya dawo da jatan lande da kifi, aka kai shi tudu aka nuna masa ɗaki. Da yawansu sun roƙi a zaunar da su a tsibirin Dayspring inda za su ci gaba da sana'arsu. Wasu iyalai sun yi shekaru suna kwana a azuzuwan makarantar firamare. Jihar Kuros Riba ma, wadda ya kamata ta ɗauki ɗawainiyarsu, ta rasa rijiyoyin mai 76 a 2012, bayan Kotun Ƙoli ta ce rabuwa da Bakassi ya raba ta da gaɓar teku.

Yarjejeniyar Greentree ta ƙididdige wa sojoji kwanakin fitarsu, ta ƙididdige wa 'yan sanda shekarunsu, ta kafa kwamitin bibiya da shaidu huɗu daga manyan ƙasashe. Ba ta sa wa'adi ko ɗaya ba a kan ranar da wanda ya bar gidansa zai samu wani, ba ta kuma ce ga wanda zai biya shi jirginsa da komarsa da ya bari ba. Har yau sunan Bakassi yana cikin jerin ƙananan hukumomi 774 a kundin tsarin mulkin Najeriya, ana kuma fitar mata da kasonta daga asusun tarayya duk wata, alhali garuruwan da suka ba ta sunan suna tsallaken ruwa ƙarƙashin wata tuta.